Takardar dawaki da aka tsinta a aljihun ƙanena: wa zai karanta mini ita?

Baban Nana, Maraɗi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar dawaki, kuma don Allah kada a yi mini mummunar fahimta. Jiya uwargida tana wanki sai ta ciro wata takarda daga aljihun wandon ƙanena, wanda yake zaune wurina yana kabu-kabu. An ninke ta an sake ninkewa har ta fara yagewa a tsakiya. Sunayen dawaki ne goma sha shida da Faransanci, gaban kowane suna lambobi da haruffa a cakuɗe, shi kuma ya bi da jan biro ya zagaye biyar. Da na titsiye shi sai ya ce wannan ba caca ba ce irin ta karta, ilimi ne, wai wanda ya iya karatun takardar ba ya faɗuwa.

Ga layi guda na kwafo: 2p 1p 5p (24) 0p 3p, can gefe kuma an sa 57,5. Ga wani daga wata tsohuwar takardar da na gani ƙarƙashin katifarsa: Da 4a 1a 7a Dm, sannan D4. Ina so in gane abin kafin in sake zama da shi. Marayan yaro ne, ni na riƙe shi tun yana shekara tara, kuma na lura in na yi faɗa kawai shiru yake yi ya sunkuyar da kai, gobe ya koma.

Abu Safiyya, Zariya:
Wa alaikumus salam. Baban Nana, ba sai ka wahalar da kanka da koyon karatunta ba. Caca ce, kuma Allah ya haɗa ta da giya a Suratul Ma'ida aya ta 90. Ka ƙona takardar, ka yi masa nasiha.

Baban Nana, Maraɗi:
Allah gafarta Malam, ayar ya san ta, a allo ya karanta. Abin da yake faɗa shi ne nasa ba ya cikinta, tunda ba sa'a yake bi ba. Nan ne nake so in kama shi.

Tsohon Mushe, Yamai:
Baban Nana, kawo in karanta maka. Shekara goma sha ɗaya na yi ina kwana ina tashi da irin wannan takarda kafin Allah ya raba ni da ita.

Da fari ka sani dawakin nan ba a Nijar suke gudu ba. A Faransa ake tseren, a filaye kamar Vincennes da Longchamp da Auteuil da Chantilly da Deauville. Mu nan lambobi kawai muke zaɓa, hukumar LONANI ce ke karɓa, a Kamaru kuma PMUC. Tiyarse shi ne ka faɗi ukun farko, an ƙirƙiro shi a 1954. Karte huɗu ne, kinte kuma biyar, shi ya zo a 1989. Biyar ɗin da ƙanenka ya zagaye kinte yake bugawa.

Layin da ka kwafo Faransawa suna ce masa muzik, wato kiɗan doki. Daga hagu ake karanta shi, kuma na hagun shi ne tsere na baya-bayan nan. Lamba ita ce matsayin da ya zo, harafi kuma irin tseren. To wannan dokin ya zo na biyu a fitarsa ta ƙarshe, kafin nan ya ci, kafin nan ya zo na biyar. Lambar da ke cikin baka shekara ce, duk abin da ya biyo bayanta a 2024 aka yi. Sifili yana nufin bai ma shiga taran farko ba. Harafin p sukuwa ce a shimfiɗaɗɗen fili, babu tsallake. In ka ga h ko s, tseren tsallake shinge ne. 57,5 kuma kilo ne, nauyin da zai ɗauka: mahayi da sirdi, in ba su kai ba a cika da darma a cikin aljihun shimfiɗar sirdi.

Layi na biyu wata duniya ce daban, tseren sassarfa ne. Harafin a yana nufin dokin yana jan ɗan keke mai ƙafa biyu da mutum a kai, m kuma hawansa aka yi. Dokar wannan tsere ita ce doki ba zai ɓarke da sukuwa ba, sassarfa zai yi tun daga farko har ƙarshe. In ya ɓarke an fitar da shi, shi ne babban D ɗin nan. Ka ga naka sau biyu ana fitar da shi cikin fita biyar, doki ne mai gudu amma marar natsuwa. D4 kuma ba ya cikin kiɗan, sanarwa ce cewa an cire masa takalman ƙarfe duka huɗu. Ƙafa ta yi sauƙi, gudu ya ƙaru, amma kofato yana cinyewa, don haka mai horo ba ya yin haka sai ranar da ya sa rai. 'Yan rumfar buga dawaki suna ganin D4 sai ka ga an dangwala biro.

A na tsallake za ka riƙa ganin T, ya faɗi ke nan, ko A, mahayi ya tsayar da shi a hanya.

Mai Akawal, Kano:
Mushe, wato har akwai tseren da ake hana doki sukuwa? Mu da muke filin sukuwa nan Nasarawa wannan sabon labari ne a gare mu. Doki ai sai ya miƙe.

Tsohon Mushe, Yamai:
Alhaji, ai a Faransa na sassarfar ba ƙaramin abu ba ne. Babban cikinsu shi ne Prix d'Amérique, Lahadin ƙarshe ta Janairu a Vincennes, mita 2,700. Akwai wani doki Ourasi da ya ci shi sau huɗu, 1986 da 1987 da 1988 da 1990. Wani abin da zai ba ka sha'awa: dawakin sassarfa na Faransa harafin farkon sunansu yana faɗa maka shekarar haihuwarsu. Duk na 2011 da B suka fara, kamar Bold Eagle. Na 2015 da F, kamar Face Time Bourbon. Na 2018 da I, kamar Idao de Tillard. Wanda ya saba, suna kawai zai gani ya gaya maka shekarun doki.

Ɗan Lissafi, Damagaram:
To kun gani ko? Duk wannan da Mushe ya zayyano ba ilimi ba ne? Ni ina bugawa, ba na ɓoyewa. Mai karta rufe ido yake ya ja. Ni kuwa ina duba kiɗa, in duba nauyi, in duba wa zai hau, in duba lambar ƙofar da zai fito, in duba ko an yi ruwa a Paris. Awa biyu nake yi a kan takarda ɗaya. Ɗan kasuwar da ya sayi wake ya ajiye yana jiran tsada shi ma ai hasashe yake. Baban Nana, ƙanenka bai yi ƙarya ba.

Ɗan Barga, Ingila:
Sallama gare ku. Ni a Newmarket nake aiki, garin da ake horar da dawaki sama da dubu biyu, kuma aikina shara da goge doki da fita da su kilisar safe. Bari in fara da yadda tamu takardar take, don na ga samari a Najeriya sun fara shiga ta waya suna bin tseren nan ƙasar.

Abu na farko da ke rikita mutane: ta Ingila daga dama ake samun sabon labari, akasin ta Faransa. In ka ga 40-312, to 2 ɗin can ƙarshe ita ce fitarsa ta baya-bayan nan. Ɗan layin tsakiya yana raba kakar bara da ta bana. In layin a karkace yake, dokin ya yi dogon hutu, ya tsallake kaka guda ko fiye, sau da yawa ciwo ne. F faɗuwa, U ya kayar da mahayi, P an ja linzami an tsayar da shi, R ya ƙi tsallake, B wani ne ya faɗi ya tafi da shi. A gefen suna kuma C yana nufin ya taɓa ci a wannan filin, D ya taɓa ci a wannan nisan, BF kuma a fitarsa ta baya shi aka fi sa wa rai amma aka doke shi. Kun ga D a Faransa abin kunya ne, a nan abin yabo.

Nauyi ba da kilo muke rubutawa ba. 9-7 yana nufin siton tara da laba bakwai, kowane siton laba 14, jimla laba 133, kilo 60 da 'yan kai. Nisa kuma da falon, mita 201 kowane, takwas su yi mil guda. In ka ga ƙaramar lamba 7 ko 5 ko 3 kusa da sunan mahayi, ɗan koyo ne, an rage wa dokin laba ɗin nan saboda shi. Akwai ƙananan haruffa na kayan fuska: b marufin gefen ido don kada ya riƙa waige, t an ɗaure masa harshe don numfashi. Sai yanayin ƙasa, daga busasshiya tauri har zuwa laka mai kama ƙafa. Wannan babba ne ƙwarai. Akwai dokin da in ƙasa ta jiƙe kamar an sake shi, akwai wanda kamar an ɗaure. Ƙofa ma tana da tasiri a wasu filaye: a Chester, da yake filin ƙaramin zagaye ne, mai ƙaramar lamba yana manne da shingen ciki, na waje kuwa sai ya yi ƙarin tafiya.

Yanzu Ɗan Lissafi, ƙanena, ga abin da nake so ka ji daga wanda hannunsa ke kan dokin. Ƙarfe biyar da rabi na asuba nake shiga ɗakin goɗiyar da nake kula da ita. Kafin in kunna fitila sosai, kwamin abincinta nake fara lalubawa, ta cinye ko ta rage. Sai in durƙusa in shafa ƙafafun gaba daga gwiwa zuwa kofato da tafin hannu, ina neman ɗumi ko kumburi. In saurara ko za ta yi tari. In duba kashinta. Akwai ranar da muka kai ta tsere, takarda ta yi mata kyau kamar me, amma tun a mota ta jiƙe sharkaf da gumi, a zagayen nuni tana ta cizon linzami, ƙarfinta ya ƙare kafin a buɗe ƙofa. Ta zo ta takwas. Babu layin da ya nuna wannan. Mu da muke kwana da su ma muna kuskure, mai horon kansa yana kuskure, balle kai da ke Damagaram da takarda ɗaya.

Ɗan Lissafi, Damagaram:
Yaya, na ji, amma ba kowane doki ba. Frankel fa? Fita 14, ci 14. Wanda ya bi takarda a kansa ya taɓa asara?

Ɗan Barga, Ingila:
Madalla da ka kawo shi, a garin nan aka horar da shi, wurin marigayi Henry Cecil, mai shi kuma marigayi Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya. Gaskiya ne bai taɓa faɗuwa ba. Amma ka tambayi nawa ake biya a kansa. A Ascot a 2012, ranar da ya ba na biyu ratar tsawon doki goma sha ɗaya, farashinsa 1/10 ne, ka sa goma ka ci ɗaya. A Goodwood wannan shekarar 1/20 ne. Wato ka ajiye jika ashirin don ka samu jika guda. Dalili kuwa takardar da kake karantawa kowa yana karanta ta. Abin da ka gano cikin awa biyu, masu sa farashi sun gano shi tun jiya da kwamfuta da hotunan kowane tsere. Iliminka gaskiya ne, sai dai an riga an saka shi cikin farashin kafin ka iso.

Kuma ka tuna Enable. Ta ci Arc de Triomphe, babban tseren sukuwa na Faransa, a 2017 da 2018, ta dawo 2019 duniya duka ta sallama mata na uku, Frankie Dettori a kanta. Aka yi ruwa, ƙasa ta yi laushi sosai, tana gaba har kusa da layi sai Waldgeist ya zo ya wuce ta. A 2021 dokin Jamus Torquator Tasso ya ci wannan tseren ana biyan sama da 70 a kan 1. A Grand National, babban tseren tsallake na Ingila, a 1967 wani doki da ya riga ya yar da mahayinsa ya gitta gaban shinge na 23, dawaki suka cushe wuri guda, Foinavon da ke can baya ya samu kafa ya wuce ya ci, ana biyan 100 a kan 1. Har yau shingen sunansa yake amsawa.

Tsohon Mushe, Yamai:
Ɗan Barga ya taɓo wurin. Ni malamin lissafi ne a koleji kafin in yi ritaya, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan lissafin tun ina bugawa.

Dawaki 16, ka jero biyar daidai bi da bi: 16 sau 15 sau 14 sau 13 sau 12, ya ba ka hanyoyi 524,160. Ko ba a jere ba, ka dai samu biyar ɗin, hanyoyi 4,368 ne. Karatun takarda yana rage wannan, ban musa ba, don akwai waɗanda za ka iya sokewa. Amma ku lura da irin tseren da ake zaɓa wa kinte. A na sukuwa galibi handikaf ne mai dawaki da yawa. Handikaf kuwa akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan: ya ɗora wa mai ƙarfi nauyi, ya rage wa mai rauni, burinsa duka su iso layi kai ɗaya. Dokin Baban Nana da ya ci sannan ya zo na biyu, saboda wannan kyawun ne aka ƙara masa kilo. Kyawun kiɗan nasa shi ne ya jawo masa kaya. A sassarfa ma wanda ya tara kuɗi da yawa akan mayar da shi baya da mita 25.

Na biyu, yadda ake rabon. Ba da doki kake karawa ba, ba kuma da hukuma ba. Kuɗin kowa ake zubawa tukunya ɗaya, a fara cire kason masu shiryawa da na gwamnati, abin da ya saura a raba wa waɗanda suka dace. A Faransa abin da ake cirewa ya kai wajen rubu'i. To in unguwa ta tara jika ɗari, kafin a buɗe ƙofar dawaki wajen jika ashirin da biyar sun riga sun tafi. Sauran kuwa na maƙwabcinka ne da ka ci. Ranar da fitattun dawaki suka zo, mutum dubbai sun dace, kowa ya samu abin shan shayi. Ranar da ake biyan miliyoyi kuma ita ce ranar da takarda ta yi ƙarya.

Ɗan Barga, Ingila:
A nan da ake sa farashi tun kafin tsere ma haka ne, ta wata ƙofar. Ɗauki dawaki huɗu masu farashi 1/1, 2/1, 4/1, 9/1. Mayar da su kashi cikin ɗari: 50, 33, 20, 10. Haɗa, 113 ne. Ai tsere ɗaya ba zai wuce ɗari ba. Sha ukun nan da ta hau ita ce ladan mai karɓar kuɗi, ko wa ya ci. Kuma sanannen abu ne a nan cewa dokin da aka fi sa wa rai yana ci ne wajen sau ɗaya cikin uku kawai.

Maman 'Yan Biyu, Garwa:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ban san doki ba, mijin mai takarda na sani. Shekara shida muna cikin wannan. Ba mashayi ba ne, ba ya neman mata, yana sallarsa. Tela ne mai hannu. Amma da hantsi, lokacin da ya kamata keke yana kuka, yana rumfa da biro a kunne. In ya dawo ba ya cewa na faɗi, sai ya ce huɗu suka zo, ɗaya ce ta ɓata. Kullum ɗaya ce ta ɓata. Wannan kalmar ta fi komai ƙona mini rai, domin ita ke mayar da shi gobe. Sallar bara atamfar mutane uku ya riƙe bai ɗinka ba, kuɗin zaren da suka bayar ya tafi, ni na sayar da 'yan kunnena na fitar da shi kunya. Sau ɗaya ya taɓa cin abin kirki, ya sayo mana rago da firji. Firjin ma an sayar.

Baban Nana, ka yi da gaske tun yaron bai yi iyali ba.

Tsohon Mushe, Yamai:
'Yar'uwa, Allah ya saka miki, ya shirya shi. Maganar huɗu sun zo ɗin nan ni ma na yi ta ba adadi. Mutum yana jin kamar taki ɗaya ya rage, alhali in ka riga ka samu huɗu cikin 16, na biyar ɗin yana cikin goma sha biyu da suka saura.

Abin da ya fitar da ni littafi ne. Wata shekara na ce bari in gwada wa uwargida cewa ina da riba, sai na sayi kaye na riƙa rubuta duk abin da na sa da duk abin da na karɓa, ba na tsallake ko dala. Kafin nan ranakun ci kaɗai nake tunawa, har da kayan da na sa a ranar. Da Disamba ta zo na ja layi na haɗa, abin da ya fita ya kusa albashina na wata uku, abin da ya dawo bai cika na wata ɗaya ba. Na zauna a tsakar gida da kayen a cinya har aka kira magariba.

Ɗan Lissafi, Damagaram:
Mushe, da girmamawa, akwai mutanen da suke rayuwa da wannan a Turai. Ba kowa ke faɗuwa ba.

Ɗan Barga, Ingila:
Akwai, 'yan ƙalilan ne ƙwarai, kuma ba biyar a jere suke nema ba. Suna neman inda farashi ya yi kuskure kaɗan, suna da jari mai yawa da za su jure asarar watanni, suna kallon kowane tsere sau da yawa. Da kai da su tukunya ɗaya kuke ci in ana maganar rabo, kuma ba su ne ke asara ba. Ka yi abin da Mushe ya yi, wata uku kawai, ka dawo nan ka gaya mana da lambobi. In riba ce zan yarda a gaban kowa.

Abu Safiyya, Zariya:
Na karanta duka, kuma na janye maganata ta farko cewa kada a koya. Na ƙaru. Amma bari in gyara wani abu, don kada a fita da tunanin cewa laifin abin shi ne ana faɗuwa, wato da ana ci da ya halatta.

Musulunci bai ƙi tseren doki ba. Buhari ya ruwaito daga Ibn Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tsere tsakanin dawakin da aka horar daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Ku duba, har an raba su aji biyu, horarru nisa mai tsawo, sauran gajere. Kuma akwai hadisin da ya yarda da sa kyauta a harbi da tseren raƙumi da na doki. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani: in sarki ko wani mai hali ya ajiye kyauta ga wanda ya ci, babu laifi. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne 'yan kallo su zuba kuɗi, wanda ya dace ya kwashe na wanda bai dace ba. Ƙwarewa ba ta canza wannan, mai karta ma akwai gwani.

Ɗan Lissafi, misalinka na wake bai hau ba. Mai wake ya ba da kuɗi ya karɓi wake, in farashi ya faɗi yana da abin dafawa, wanda ya sayar masa kuma ya tafi da haƙƙinsa. Kai me ka karɓa? Kuma Suratul Baƙara aya ta 219 ba ta ce babu amfani a ciki ba, ta ce akwai, amma zunubin ya fi amfanin girma. Ragon Maman 'Yan Biyu da firjinta suna cikin wannan ayar.

Mai Akawal, Kano:
Allah ya ƙara sani Malam. Saudi Cup da aka fara a Riyadh a 2020 kyautarsa dala miliyan 20 ce ta Amurka, kuma babu tagar caca a filin. Mu ma nan ana sukuwa, na Arewa ajinsu daban, 'yan Sudan daban, ana cin kofi da babur har da mota, daga aljihun masu shiryawa. Ba zan ce babu masu ƙulla kuɗi a bayan fage ba, akwai, amma ba don su ake taruwa ba.

Ni abin da ya dame ni a labarin nan, yaro yana son doki har yana kwana da sunayensu amma bai taɓa riƙe ragama ba. Baban Nana, Maraɗi ai garin dawaki ne. Ka kai shi wurin masu barga ya riƙa yanka harawa yana wanke doki ranar da ba ya aiki. Wanda ya iya zama awa biyu yana nazarin doki a takarda, in ya samu na gaske zai yi nisa.

Ɗan Lissafi, Damagaram:
Na karɓi maganar kaye. Ban ce na daina ba. Zan rubuta daga ɗaya ga wata.

Baban Nana, Maraɗi:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Daren jiya bayan isha na shimfiɗa tabarma na kira shi, na ce kawo takardarka. Na karanta masa layin dokin da ya zagaye tun daga hagu, na gaya masa dalilin da ya sa aka ɗora masa 57,5. Ya ɗago kai ya dube ni, karo na farko ke nan a wannan maganar. Sai na ce ya kawo tsofaffin tikitinsa. Ashe a gwangwanin madara yake tara su, ya ce don nazari. Muka baje su muka ƙirga da fitilar waya, na wata uku da 'yan kwanaki: jika sittin da ɗaya suka fita, sha huɗu da rabi suka dawo. Shi da kansa ya sake ƙirgawa sau biyu. Bai yi mini alkawarin komai ba, ni ma ban nema ba tukuna. Jumma'a za mu je wurin wani dattijo mai dawaki a unguwarmu, mun yi magana da shi da safe.

Ɗan Barga, ya ce in tambaye ka: dokin da aka cire wa takalmi ba ya jin zafi in yana gudu? Kuma naku na Ingila su ma ana cire musu?

Ɗan Barga, Ingila:
Ka gaishe shi. Kofato kamar farce ne, wajensa ba ya jin zafi, sai in ya cinye ya kusa kai wa nama, shi ya sa ba a maimaita cirewar a kai a kai, kuma bayan tseren ake mayar da takalmin. Namu na sukuwa ba a cika cire musu ba. Na ƙarfe suke sawa a gida, in tsere ya matso maƙeri ya zo ya canza musu da na alminiyom marar nauyi. Gobe da safe zai zo wa goɗiyata, zan ɗauki hoton ƙafar kafin da bayan an buga in turo maka ka nuna masa.